Fasto ya ce in nuna wa matasa bidiyon karusan Fir'auna, in nuna?

Malamin Lahadi: Salama, 'yan'uwa. Ina koyar da matasa a wata coci a Sabon Gari. Fasto ya turo mini bidiyo, wai an ga ƙafafun karusan Fir'auna a ƙasan Bahar Maliya, in nuna ranar Lahadi. Na nemi gidan tarihin da aka ajiye ko guda, ban samu ba. Akwai 'yan BUK a ajin, ba sa raga wa mutum. In nuna, ko in koma wa Fasto?

Maman Rahila: Ɗana, kai dai ka koya musu addu'a.

Ɗan Kwari: Kada ka kuskura. A 2010 da aka ce an gano jirgin Nuhu a dutsen Ararat, shago-shago na bi da labarin. Maƙwabcina ya ce, "To ina katakon?" Har yau in na shigo layi sai yaran shago su ce ga direban jirgi nan. Wanda ya ba ni labarin kuwa, da na koma masa, cewa ya yi bangaskiyata ce ta yi rauni. Abin da ke ci mini rai ke nan. Dutsen da aka tono a Kaisariya a 1961 mai sunan Bilatus, da na Tel Dan a arewacin Isra'ila na 1993 mai ambaton gidan Dawuda, kowane mai wa'azi ya haddace. Amma ce musu Kathleen Kenyon, masaniyar tono kayan tarihi 'yar Birtaniya, ta haƙa Yariko daga 1952 zuwa 1958, ta ce garin ya rushe tun kafin zamanin Joshuwa, sai ka ji masu tono ai arna ne.

Dattijo: Yaro, ka taɓa taka Yariko? Ni na je ziyara.

Ɗan Kwari: Baba, da girmanku, awa nawa motar ta tsaya?

Talatu: Akwai littafi kan wannan, dubu huɗu na saya.

Bulus: Wane dubu huɗu? Sha biyu aka ce mini makon jiya.

Talatu: Hala sun gan ka da kwat ne.

Dattijo: Wanda bai yi makarantar Baibul ba ya yi shiru.

Bulus: Mu da muke kallo ana yanka badala ana gina shaguna, mu ne za mu yi gardamar ganuwar Yariko? Ku bi ta Ƙofar Na'isa ku gani.

Malamin Lahadi: To, ranar Lahadin fa?

Talatu: Wallahi Bulus, ko Gidan Makama yarana ba su taɓa shiga ba. Nawa ne kuɗin shiga yanzu?