Hannun ɗan dambe da kalmar da muka rasa

Jama'a, a zo a taya mu yanke hukunci kan wata kalma.

Muna da ɗan rukuni na masu koyon zanen mutum da fensir. Duk mako kowa ya kawo abin da ya zana, saura su yi masa gyara. Makon jiya aikinmu ɗan dambe ne yana fuskantar mai kallo: ya miƙo garkuwa, wato hannun da ba a ɗaure ba, mashi kuma, wato hannun da aka ɗaure, ya ja shi baya. Kusan dukanmu rami ɗaya muka faɗa. Mun ba hannun cikakken tsawonsa, sai ya fito kamar mutumin yana nuna wani abu can gefe. Da na zo yin gyara na ce matsalar "foreshortening" ce. Wani ƙaninmu, wanda bokonsa bai yi nisa ba amma hannunsa ya fi na yawancinmu, ya ce, "Yaya, da Hausa fa?" Na yi tsit.

Ga abin da ake nufi. Tsaya gaban madubi ka miƙa hannu gefe, za ka ga tsawonsa duka daga kafaɗa har yatsu. To yanzu miƙo shi saitin madubin. Tafin ya yi ƙato, ya rufe gwiwar hannu, damtsen ya kusa ɓacewa. Hannun bai ragu da komai ba, ido ne ya daina ganin tsawon. Wanda ya taɓa ganin fostar nan ta ɗaukar soja ta Amurka, wadda James Montgomery Flagg ya zana a 1917, da dattijo mai doguwar hula yana nuno ka da yatsa, ya ga abin a fili. Yatsan ɗan guntu ne a takarda, amma ji kake zai tsone maka ido.

Kalmar farko da aka kawo ita ce "gajartawa". Ita ce fassarar kai tsaye, kuma wani ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ce Faransanci ma haka ya yi, "raccourci", abin da aka gajarta. Ni ban yarda da ita ba, don na ga ɓarnar da take yi. Ka ce wa sabon shiga ya gajarta hannu, zai je ya zano maka hannun wada a jikin ƙato, shi ke nan. Alhali aikin ya wuce rage tsawo: dole abin da ya fi kusa da kai ya ƙara girma, kuma kowace gaɓa ta hau kan wadda ke bayanta, kamar ka jera gwangwanayen madara a layi ka leƙa su ta baki.

An ce "takurewa". Wannan mai jin sanyi ke yi, jikin ne da kansa yake haɗewa, ga shi kuwa ɗan dambenmu a miƙe hannunsa yake. "Dunƙulewa" ba ta ma kwana ba, don a zanen dambe kowa zai ɗauka mashin ake nufi.

Wata 'yar'uwa ta kawo "tunkaro", kuma wallahi ta yi mini daɗi a baki. Kwana biyu ina riƙe da ita. Abin da ya kayar da ita yana cikin zanen nan namu: hannun da aka ja baya shi ma tsawonsa ya ragu a ido, kuma shi ba tunkaro ka yake ba, nesa da kai ya nufa. Rabin ma'anar kawai ta ɗauka.

Mafitar daga bakin Baba ta fito, dattijon cikinmu da ya yi shekaru yana zane a jikin manyan motoci. Shi ba kalma yake nema ba. Zanen yaron nan ya ɗaga, ya ce, "Kai ɗana, ai tsawon nan ɓuya ya yi a bayan tafin, kai kuma ka tono shi." Nan take yaron ya gane, ya ɗauki abin goge fensir.

Saboda haka nake ba da shawarar "ɓuyan tsawo". Tana gaya wa mai koyo gaskiyar lamarin: tsawon yana nan, laɓewa ya yi. Tana aiki ko gaɓar ta nufo ka ko ta ba ka baya. Abin da ya fi mini kuma, tana shiga bakin mai gyara ba tare da tuntuɓe ba: "tsawon cinyar nan bai ɓuya ba", "ka ɓoye shi da yawa". Har a fuska ta zauna. Mutum ya ɗaga kai, goshi ya ɓuya, ƙofofin hanci su bayyana; ya sunkuyar, haɓa ce ke ɓuya. Awon nan da muka haddace, cewa tsawon baligi kusan kai bakwai da rabi ne, ba ya cetonka a nan. Sai dai ka miƙe hannu da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka auna abin da kake gani, ba abin da ka sani ba.

Saura gardama guda. Wani malamin Hausa a cikinmu ya ce "ɓoyon tsawo" ya fi, tun da mai zane ne ke ɓoyewa. Na ce a'a, Malam, kafin a ɗauki fensir tsawon ya riga ya ɓuya, madubi shaida ne. Bai gamsu ba tukuna.

Aikin wannan makon: mutum kwance a tabarma, a zana shi daga wajen ƙafafu. Duk mai wata kalmar da ta fi, ya kawo ta tare da zanensa ranar Asabar, mu gwada ta a kan tafin ƙafar.