Gwajin jinin yayana mai tarin fuka ya ruɗa ni

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, yayana ne aka ce yana da tibi (tarin fuka), to PCV ɗinsa (awon yawan jajayen ƙwayoyin jini) ya sauka ESR (gwajin alamar kumburi a jiki) kuma ya hau sosai, cutar ce ko wani abu daban?

Ɗan Lab: Wa'alaikissalam hajiya, haka muke yawan gani, ciwon ne ke hana jiki amfani da sinadarin ayan sai jini ya yi ƙasa, platelet (ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini) ma kan ƙaru. Amma ESR ba ya tabbatar da tibi, kaki ake gwadawa da na'urar GeneXpert.

Baban Sadiq: Ya dai shanye maganin wata 6 ɗin nan jinin zai dawo, in idonsa ya yi ɗorawa ko yana ta amai maza a duba hanta.

Maman Ilham: Fitsarinsa fa ya koma ja-ja

Ɗan Lab: Rifampicin ne ke sa haka, ɗaya daga cikin magungunan tibin, kar ya daina sha.