"To Malam, Wanne Ne Daidai?"

A zaman da muka yi da wasu malaman da ke koyar da fiƙihu da tafsiri a jami'a, kusan duk hirar a kan ɗalibin shekarar farko ta tsaya. Yakan zo da hadda mai ƙarfi daga tsangaya ko Islamiyya, amma da an kawo masa maganar Malikiyya da ta Shafi'iyya a mas'ala ɗaya sai ya rikice, yana neman amsa guda.

Wani malami ya kawo binciken William Perry na Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda ya fito a 1970: ɗalibi kan fara da ganin abu ko daidai ne ko kuskure, sannan ya gane ra'ayoyi suna da yawa, daga bisani ya iya tsayawa kan matsaya da hujja. Shawarar malamin ita ce kada a yi masa gaggawa, kada kuma a kunyata shi a gaban aji. Wani dattijo ya ce ai Ibnu Khaldun, malamin tarihin nan na da, ya riga Perry: a bi fanni sau uku, a dunƙule, sannan da sharhi da saɓanin malamai, sannan a warware wurare masu tsauri. Ni dai wannan ya fi kwanta mini, don mu saɓanin muke fara jibga wa yara.

An kuma ce jarrabawa ta riƙa tambayar dalili, ba haddar takardun malam kaɗai ba. Batun dawo da karatun zaure da yamma kuwa bai samu karɓuwa ba. Malamai sun ce ajin mutum ɗari biyu ya ishe su.