Zanen layuka ya hana ni 6.5 a IELTS, don Allah ku ba ni shawara

'Yar Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya ɗaure. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Legas. Sau biyu ina zana IELTS, jarrabawar Turanci, duka 6.0 nake samu a rubutu, alhali hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya 6.5 take nema a rubutu, 7 a sauran ukun, wato karatu, sauraro da magana. Kuɗin zama na biyu sai da na sayar da 'yan kunnena na gwal. Maigida bai ce uffan ba, amma na ga fuskarsa. In na tashi aikin dare, kafin danfo ya fito da ni daga cunkoson Oshodi rana ta take, ga yara ga girki, a kan tabarma nake bita da waya. Tambayar farko ta ɓangaren rubutu, wadda ake ba mutum zane ya yi bayaninsa, ita ce ke kayar da ni. Layuka huɗu suka ba mu, suna hawa suna sauka suna ratsa juna. Na bi kowanne shekara bayan shekara, ban bar lamba ko ɗaya ba. Ina kuskurena?

Malam na Obalende: Wa alaikumus salam. Kuskuren kenan, ƙanwata. Ba lissafi aka ce ki kwafa ba, cewa aka yi ki zaɓo manyan abubuwa ki kwatanta. A ce farashin shinkafa, wake, masara da gero ne daga 2000 zuwa 2020. Bayan jimlar gabatarwa, ki yi jimla biyu ba lamba ko ɗaya: wanne ya hau, wanne ya faɗi, wanne ya fi kowa a ƙarshe. Wannan taƙaitawar ita mai maki yake fara nema. Sannan ki haɗa masu hawa a sakin layi ɗaya, sauran a ɗaya. Lambar farko, ta ƙarshe, ƙololuwa, da inda layi biyu suka haɗu, sun isa. Shekarun da suka wuce a yi musu fi'ilin da ya wuce. Kuma kada ki kawo dalili daga kanki.

Hajiya Mile 12: Ni dai wata cibiyar koyarwa ta cinye min kuɗin wata uku. Malamin takarda ɗaya ya raba mana ya ce mu haddace, sau biyu ya duba rubutuna. Har yau in na wuce ta wurin raina ɓaci yake. Allah ya isa.

Ɗan Alaba Rago: Anti, haddar ba laifi ba ce. Ni da ita na samu 6.5.

Malam na Obalende: Sa'a ka taka. Masu makin nan an horar da su gane hadda. Ƙanwata, minti nawa kike ci a kan zanen?

'Yar Agege: Kamar 35. Amma Malam, a aikinmu in ka tsallake lamba ɗaya a takardar majinyaci rai kake wasa da shi. Hannuna ba ya yarda in bar wata. Kuma taƙaitawar ina yi, a ƙarshe nake sa ta.

Malam na Obalende: In lokaci ya bar ki kin kai ƙarshen ba. Awa ɗaya ce duka. Zanen minti 20, kalma 150 zuwa sama. Tambaya ta biyu kalma 250 ce, makinta ninki biyu ne, ke kuma minti 25 kika bar mata. Can kike zubar da makin.

Nas Idi-Araba: 'Yar uwa, ki koma OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Wasiƙa a kan majinyaci za ki rubuta, aikin da kike yi kullum, C+ ake nema a rubutu, babu zane.

'Yar Agege: Na gode, amma na riga na saba da wannan, ba zan iya faro sabuwa ba. Tambaya ta biyun ma ina ganin lafiya nake yin ta. Ko dai in nemi a sake duba takardar? Akwai wanda ya taɓa gwadawa?