Masu Bin Mamaci Bashi Sun Dame Ku Da Kira? Ga Abin Da Aka Tattaro

An tattauna kan abin da iyali za su yi in masu bin mamacinsu bashi suka dame su da kira. Inda baki ya zo ɗaya a tattaunawar:

1. Bashi yana kan abin da mamaci ya bari, ba kan magada ba. A cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya cikin sulusi, sannan a raba gado. Wanda ya tsaya masa lamuni ne kaɗai za a iya bi. Rubuta sunanka a matsayin makusanci a fom ɗin banki ba tsayawa ba ce.

2. Kada a yi alkawari ta waya, kada a tura ko sisi. Mutum ɗaya ya riƙa magana da yawun iyali, ya nemi takardar yarjejeniya da lissafin abin da aka riga aka biya.

3. In banki ne, a kai takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a tambaya ko rancen yana da inshora. Da yawa ba sa tambaya.

4. Bashin baki, babu rubutu: a Malikiyya mai da'awa zai kawo shaidu, kuma ya rantse ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba.

5. Manhajojin rance masu zagi da barazana, a adana saƙonninsu a kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya.

An rabu a wuri biyu. In dukiyar ta gaza, wasu sun ce 'ya'ya su cika don sauke masa nauyi, wasu sun ce kyautatawa ce, ba tilas ba. Kuɗin ruwa kuwa, masu cewa a roƙi a yafe shi a biya uwar kuɗi sun fi yawa.