Liyam da Luwi: wa ya riƙe biro?

Gimbiyar Zazzau:
Assalamu alaikum ma'abota waƙa. Oktoba ta zagayo, watan da Liam Payne na ƙungiyar mawaƙa ta One Direction, wadda aka haɗa a gasar waƙa ta X Factor a Birtaniya, ya rasu a Ajantina a 2024. Kowa muryarsa yake tunawa, ni kuwa zamansa da Louis Tomlinson ne ya tsaya mini a rai, don su biyun sun fi sauran zama kan rubuta waƙoƙin ƙungiyar. A baiti zan ce Liyam da Luwi. Ƙwar huɗu, amsa-amo "ba". Bismillah.

Samari biyar suka je gasa,
Kowa ya zo neman nasa,
Alƙalai suka ce ku haɗe kar ku kasa,
Da can ba su san juna ba.

A 2010 aka ɗaure su,
Na uku suka zo, ba a naɗa su,
Amma duniya ta ɗauke su,
Na ɗayan bai kama ƙafarsu ba.

Liyam ba ya wasa da ƙa'ida,
Luwi ko tsokana ce al'ada,
Zaman doya da manja a gida,
Da fari jininsu bai haɗu ba.

Sai biro ya shiga tsakani,
Ɗakin otal, dare, ba mai gani,
Wannan kalma, wancan amo na zamani,
Faɗan bai sake tashi ba.

Ɗan Fagge:
Bazazzagiya ta tashi da kuka,
Kan yaran da ba sa jin sannu da barka,
Ki juya bayan faifai ki leƙa,
Ba su biyu kaɗai suka rubuta ba.

Akwai Bunetta, akwai John Ryan,
Ƙwararru masu cin tuwo da wannan,
Su ɗinka riga, yara su sa maɓalli nan,
Maɓalli bai zama riga ba.

Gimbiyar Zazzau:
Bakano in dai ba ciniki ba ne,
Kansa ba ya ɗauka, sananne ne,
Ka ga suna shida ka ce gwanjo ne,
Ba ka tambayi mai ƙyallen ba.

Tela gwani ne, ban musa maka,
Amma ciwon da ke cikin waƙa,
Wanda ya kwana da shi ke saƙa,
Tela bai bar gida yana sha shida ba.

Tun faifan 2013 je ka duba,
Sunan biyun nan na ta yin gaba,
Har na 2015 ba su gaza ba,
Kai ko ɗango ba ka sayar ba.

Maryaman Damagaram:
Ayyururui! Gimbiya kin gama da shi. Ya koma Kwari ya ci gaba da auna yadi.

Abba Kurna:
Maryama ke dai 'yar amshin Shata ce. Ko Gimbiya tari ta yi sai kin ce baiti ne. Maganar maɓalli ta fi duk abin da aka rubuta yau, kowa ya sani.

Maryaman Damagaram:
Kanawa sun fara gayya. Sai ku kirawo na Kurmi ma.

Auta Sani:
Ni dai Zain nake so gaskiya,
Da ya fita daga ƙungiyar a watan Maris na 2015 na yi kuka har da majina wallahi ba ƙarya,
Yaya Gimbiya yi haƙuri na sake hanya,
Ban iya waƙa sosai ba.

Malam Na-Sakkwato:
Ku dakata haka nan. Ɗan Fagge, ka gama "kuka" da "barka" da "leƙa". Ka da ƙa ba harafi guda na ba. Gimbiya, ke ma kin yi wanga laihi, "maka" da "waƙa". Auta kuwa, ɗangonka na biyu ya tai Illela ya dawo, sauran na nan suna jiranai. Kuma duk cikinku babu wanda yab bi kari. Ga yadda aka yi. Garin Liyam, Wulbahamtan, ƙafa guda ta cikakka, fa'ilatun, watau Ramal:

Wulbahamtan ce garinsa,
Tun yana yaro a gasa,
Anka ce mai je ka girma,
Sai ya dawo bai yi wasa.

Don ya fara zuwa gasar a 2008 yana shekara 14, Simon Cowell, ɗaya daga alƙalan gasar, yac ce ya dawo bayan shekara biyu. Garin Luwi kuwa, "Donkasta ce", mustaf'ilun, watau Rajaz:

Donkasta ce tushen Luwi,
Mai son raha mai dariya,
Sun ba shi ɗan guntun rabo,
Yam mai da biro kariya.

Guntun rabo, don a faifansu na farko wurin da anka ba shi ya rera shi kaɗai bai taka kara ya karya ba. To ku lura: Ramal da Rajaz kari biyu na daban, amma da'ira guda Halilu, malamin da yat tsara awon waƙa na arulli, yas saka su. Shi ya sa yaran ga sunka yi faɗa kuma sunka shirya.

Maryaman Damagaram:
Tabɗi! Malam, Allah ya ƙara sani. Ban gane rabi ba amma tsigar jikina ta tashi.

Ɗan Fagge:
Malam ya zo da awo da sikeli,
Zai auna Bature da mudun Halili,
Su ko jita suke bi a fili,
Ba su san fa'ilatun ba.

Aka ce ƙwar huɗu, ƙarshe da "ba",
Malam ya karanta bai gani ba,
Ya zo gyara bai bi doka ba,
Limami bai yi alwala ba.

Malam Na-Sakkwato:
Yaro, misali na kawo, ban shiga layi ba. Kuma jahilcin mai waƙa ga sunan kari ba ya hana karin zama cikin waƙatai. Makaɗanmu na fada wane arulli sunka karanta? Kunne ka auna musu. Kai kunnen ne babu.

Abba Kurna:
To in kunne ne alƙali, Malam, kunne ya karɓi "barka" da "leƙa". Ka kashe kanka da bakinka.

Malam Na-Sakkwato:
Kunnen Bakano ya karɓa. A rubuce muke, ba a dandali ba.

Hajiya Mai Ƙwar Biyar:
Malam, da girmanka. Ni tambayata ɗaya: "Luwi" wasalin ƙarshe dogo ne ko gajere? In gajere ne Rajaz ɗinka ya gurgunce.

Malam Na-Sakkwato:
Hajiya, gaɓar ƙarshen ɗango doguwa aka lissafa ta ko yaya take. Wanga darasin farko na.

Abba Kurna:
Doka in ta zo kan Malam sai ta yi laushi.

Hajiya Mai Ƙwar Biyar:
A'a Abba, nan ya fi ka gaskiya. Amma batun ka da ƙa ina bayanka.

Gimbiyar Zazzau:
Jama'a don Allah. Mutum na kawo muku, kun mai da shi gaɓa.

Ɗan Tudun Wadan Jos:
Sai yanzu na samu caji, na tarar an yi nisa. Bari in jefa tawa, ku yi haƙuri da karin.

Ku bar Ingila ku dubo gida,
Plantashun Boiz sun ci sun sha a da,
2Face da Blackface, Faze na shaida,
Ba a zaci za su rabu ba.

A 2004 kowa ya kama hanya,
Sai wa ya rubuta ta zama rigima babba ɗaya,
Shekaru ana ja har gaban shari'a,
Sai 2019 aka sasanta, da ba ta mutu ba.

Abin nufi, Ɗan Fagge bai yi ƙarya duka ba. Biro na haɗa mutane, biro na raba su.

Ɗan Fagge:
Na Jos ka taɓo inda ke ciwo,
Ni ma na yi abokin kiwo,
Dare muke raba baiti da tuwo,
Ban taɓa ƙirga nawa ba.

Ya ɗau littafin ya shiga situdiyo,
Na tsinci baitina a rediyo,
An kira mai kiɗa da mai bidiyo,
Ba a kira sunana ba.

Don haka Gimbiya bar ni da zato,
Liyam ma ya yi hira mai tsawo da faɗi ƙato,
A 2022 ya saki baki kan 'yan uwa, an yi ta tsinto,
Amini bai yin haka ba.

Abba Kurna:
Allah sarki. Shi ya sa.

Malam Na-Sakkwato:
Baiti biyu na farko sun zauna, ban da abin cewa. Na ukun ya zube, kuma "bai yin haka ba" ba Hausa ta ba. Allah shi saka maka dai.

Gimbiyar Zazzau:
Yaya Ɗan Fagge, yau na ce Yaya,
Wanda ya cuce ka shi ya ji kunya,
Amma don ɓarawo ya bi ta hanya,
Ba a ce kowa ɓarawo ba.

Hirar nan ya yi ta, ban ɓoye,
Ya dawo ya ba da haƙuri a bayyane ba a ɓoye,
Ka ƙirga tuntuɓe ka bar sawaye,
Ba ka ƙirga zuwa da zama ba.

Disambar 2016 uwar Luwi ta cika,
Kwana kaɗan ya hau dandalin gasar da ya taka,
Liyam na bayan fage, Harry da Niall duka,
Ba su bar shi ya tsaya shi ɗaya ba.

A 2023 aka nuna fim ɗin Luwi a Landan,
Liyam ya zo ya tsaya a gefen nan,
Ƙungiya ta tsaya tun 2016, to don wa ya zo nan?
Ba kwangila ce ta kawo shi ba.

Sha shida ga Oktoba, Liyam ya faɗo daga bene hawa uku,
Shekara 31, labari ya iso mu da ku,
Luwi ya ce wa ɗan marayan ga baffanku,
Bunetta bai rubuta masa wannan ba.

Maryaman Damagaram:
Na kasa guɗa. Gimbiya kin sa ni hawaye a cikin adaidaita.

Hajiya Mai Ƙwar Biyar:
Ƙanwata, "ɓoye" sau biyu a baiti ɗaya, kuma ɗa guda ne, "baffanku" don amsa-amo kika jawo shi. Na faɗa kafin Malam ya faɗa. Amma ɗangon ƙarshe ya biya bashin.

Abba Kurna:
Ɗan Fagge kana ina? Kar ka bar mu a rana.

Abba Kurna:
Kwana biyu ke nan. An ga yana kan layi jiya.

Ɗan Fagge:
Ina nan. Na je na duba hotunan jana'izar ne, ta watan Nuwamba a Amasham ta Ingila, su huɗun duk sun je har da Zain ɗin Auta. Ɗango biyu kawai ya zo mini, sauran ya ƙi:

In na riga shi, ko zai zo ya tsaya?
In ya riga ni, ƙafata za ta iya?

Malam Na-Sakkwato:
Ƙwar biyu ta, ba huɗu ba, kuma babu "ba". Bar ta haka nan, kak ka ƙara mata komi.

Auta Sani:
Yaya Gimbiya na gyara tawa tun shekaranjiya data ce ta ƙare.

Liyam da Luwi suna watsa wa juna ruwa,
A kan dandali ana tsakiyar waƙa da rawa,
Na gani a YouTube na yi ta dariya ni da ƙanwata Hauwa,
Malam wannan bai je Illela ba?

Malam Na-Sakkwato:
Ya tsaya Gwadabawa.