Mota na mutuwa in inji ya ɗau zafi: iginaita ce? Za a iya canza ta a gida?

Direban Dare:
Salamu alaikum, masana. Mota ce mai distiributa. Da sanyi bugu ɗaya take tashi, amma in ta yi tafiyar minti 20 sai ta mutu. Sitata na juyawa, wuta ba ta zuwa fulogi. In ta huce kuma sai ta tashi kamar ba ita ba. An ce iginaita ce. Haka ne? Kuma mutum zai iya canza ta da kansa?

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Alamar ta yi kama da ita, amma kada ka saya tukuna, Malam. Iginaita 'yar na'ura ce da aikinta shi ne haɗawa da katse wutar kwayil, kowace katsewa ce ke haifar da tartsatsi a fulogi. Da zarar motar ta mutu, tun inji na da zafi, ɗora fitilar gwaji a ƙafar kwayil ta negatif, wani ya murɗa makulli. In fitilar na ƙyaftawa, iginaita na aiki, koma kan kwayil da rota. In ta tsaya cak, to ko iginaita ce ko fikof ɗin cikin distiributa da ke ba ta sigina. Auna fikof da mita: a distiributar HEI ta motocin kamfanin General Motors (GM) ana son mitar ta nuna om 500 zuwa 1500, sauran motoci sai ka duba littafinsu.

Tsohon Bakanike:
Canza iginaita aiki ne na rabin awa in tana cikin distiributa. Cire kan batir na negatif, galibi sifana 10. Buɗe murfin distiributa ba tare da ka zare wayoyin fulogi ba, cire rota, ɗauki hoton wayoyin iginaita kafin ka taɓa su. Sukurori biyu ne yawanci ke riƙe ta.

Inda ake yin kuskure shi ne ƙasanta. Goge tsohon man da ya bushe har ƙarfen ya fito fes, sannan ka shafa farin man nan mai jan zafi, siriri kamar fatar albasa, ya rufe gindin duka. Ta nan zafinta ke fita zuwa jikin distiributa. Ba girisin bearin ba, don Allah. In babu shi, sabuwar ma dahuwa za ta yi. Sukurorin su kama sosai, a motoci da yawa ta nan take samun as, wato haɗuwa da ƙarfen mota.

In sai ka zare distiributa gaba ɗaya, sa mata alama a jikin inji, ka kuma lura da inda bakin rota ya fuskanta, in ba haka ba taimin, wato saitin lokacin tartsatsi, ya tafi.

Mai Wayarin:
Ƙari kaɗan, Maigida. Direban Dare ya auna kwayil kafin ya ɗaura sabuwar iginaita. Kwayil ɗin da ya yi shot a ciki yana jan wuta fiye da ƙima, shi ke ƙona iginaita. Kuma wajen gwada tartsatsi kada a bar wayar fulogi na reto a iska, a jingina fulogin da ƙarfen inji.